Sunan Ɗan Farin Inna Tsahara

Shafi na 17

Masu turo mini "ina ci gaba?" tun kafin in wanke ido, na ji ku, ga shi nan. Amma wadda ta san hawayenta a kusa suke ta sauke tukunya tukuna, kada tuwo ya ƙone a ce ni ce.

*

Tun da motar ta bar tashar Konni Zulaiha take kallon hanya ta taga. Sabi'u, aminin marigayi yayanta Rabilu, yana kujerar gaba rungume da jakar ordinatarsa, wato kwamfutarsa, yana waiwayo ta jefi-jefi. Da suka iso mararrabar da hanya ta rabu, ɗaya ta yi Malbaza ɗaya ta yi Tawa, sai ta kau da kai. A kan waccan hanyar ce motar siminti ta bi ta kan babur ɗin Rabilu bara, da kwalin irin albasa ɗaure a bayansa. Wayarsa ma ba a tsinci komai a cikinta ba.

Abin da ya bari suna ne. Irin Rabilu. Haka yake rubuce a jikin kowace ƴar ledar iri da ta fita daga gidansu na Badagishiri. Manomi yana Agadas ko yana Sakkwato, ya buɗe irinrabilu.com, ya ga lambar Zulaiha, ya kira, a saka masa kaya a mota. Har bayan rasuwarsa shafin bai daina turo mutane ba. Sai a daminar nan waya ta yi tsit. Zulaiha ta ɗora wa rezo, wato sabis ɗin waya, laifi, ta ɗora wa tsadar rayuwa, ta ɗora wa kowa, har ranar da wani mai garka, manomin lambu, ya ce mata ai shafin ya daɗe ba ya buɗewa.

Jiya da la'asar, a shagon Sabi'u na intanet da ke Konni, suka kira kamfanin Yamai da ya yi wa sunan rajista. Wata mata ce ta ɗauka, Madam Najiba. Ta ce wa'adin sunan ya ƙare tun tuni, yana bakin ƙofar fita, kuma ba ta magana da kowa sai mai shi.

Sabi'u ya ce, "Mai shi ya rasu, Madam."

Ta ce, "Ni dai abin da nike gani a gabana, mai shi mace ce, an rubuta uwar Rabilu ce. Tsahara Mati. Mun yi ta kiran nimeronta, dut lokacin da munka kira sai ta ce ba ta san wani Rabilu ba."

Tsahara Mati ita ce Inna, wadda ta haife su.

Zulaiha ta kira Inna a take, wayar a kashe. Motar Badagishiri ta ƙarshe kuwa ta riga ta tashi. Haka ta kwana a Konni da maganar nan a ƙirjinta, ga baƙin ciki ga fushi, ta rasa wanda ya fi wani nauyi.

Hantsi ya ɗaga suka shiga gida. Inna tana gindin bishiyar bedi da faifai a cinya, tana zuba baƙin iri a ƙwaryar ruwa, mai kyau ya nutse, holoƙo ya taso ta kwashe ta watsar. Ta amsa sallamarsu ba ta ɗago ba.

"Sabi'u ne? Marhabin. Ya mutanen Konni?"

"Lahiya lau, Inna. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

Zulaiha ko mayafi ba ta cire ba. Ta tsaya a kan uwarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inna, ina wayarki?"

"Tana ɗaki. Jiya anka kai ta caji kasuwa, sai da sahe anka maido."

"Wata mata tana kiran ki daga Yamai?"

Hannun Inna ya tsaya a cikin ruwa. Ta tsame hannun ta goge a zane.

"Ki zauna mana. Kin tsaya mini a ka kamar mai karɓar jangali."

"Ba ni zama, Inna. Tana kiran ki ko ba ta kiran ki?"

"Ta kan kira."

"Mi take cewa?"

Inna ta koma kan faifanta.

"Inna, mi take cewa?"

"Tambaya take yi."

"Tambayar mi?"

Inna ta dubi Sabi'u, ta dubi ƙasa.

"Tambayar yayanki."

Yayanki. Tun da Zulaiha ta yi wayo haka take ji. Yayanki, wancan, mai babur, yaron gidan Illo. Rabilu ɗan fari ne, kuma matan zamanin su Inna ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa cewa nasu ne. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi. Ko ranar da aka shigo da gawarsa, Inna tana bakin murhu tana dafa wa masu gaisuwa ruwan zafi, mata suna yaba mata, wai ta cika mace mai kunya. Zulaiha ma ta yaba a lokacin, amma yau ji take kamar ta fasa ihu.

"Sai kika ce mata ba ki san shi ba."

"Zulaiha," in ji Sabi'u, "yi a hankali."

"Ƙyale ni, Sabi'u! Shina da rai ba ta kira sunanshi ba, mun ce al'ada ce. Ya mutu ba ta yi kuka ba, mun ce haƙuri ne. Yanzu kuma abu guda da ya bari duniya, Inna, abu guda, kin buɗe baki kin ce ba ki san shi ba!"

Inna ta ɗago da sauri.

"Wane abu?"

Sai a lokacin Zulaiha ta gane cewa tsohuwar ba ta ma san me ake ciki ba. Ta zauna a bakin tabarma.

Sabi'u ya tsuguna, ya ajiye jakarsa.

"Inna, kin san rumhwa cikin kasuwa. Ba sayen ta ake yi ba, haya ce. In shekara ta zagayo a sabunta."

"Na sani."

"To, sunan shahin intanet haka yake. Su masu aikin domen suke ce mishi. Dut duniya, suna guda na mutum guda ne. In kana so, sai ka tahi wurin masu rajista, a duba in babu mai shi, a rubuta sunanka da nimeronka, ka biya na shekara. Hotuna da bayanin iri suna nan ajiye wani wuri, ba su ɓace ba. Amma sunan shi ne hanyar da mutane ke bi su iske su."

"In ba a sabunta ba?"

"Sai a ruhe hanyar. A jira mai shi. A ƙara jiran shi, sai dai da tara. In dai bai zo ba, a saki sunan, wanda ya riga kowa ya ɗauka."

"Ko ba danginshi ba ne?"

"Ko bai taɓa ganin shi ba, Inna."

Inna ta ce, "To ni mi ya haɗa ni da wanga sha'ani? Ko baƙi ban sani ba."

Sabi'u ya share ido da bayan hannu.

"Ranar da munka yi rajistar a shagona, sunanki yac ce a sa wa shahin. Irin Tsahara. Mun duba, babu mai shi. Ya kira ki, kinka ce Allah ya kiyaye a buga sunan matar aure jikin leda a kai kasuwa."

"Na tuna."

"Shi ne ya sa nashi. Amma da munka zo wurin da ake rubuta mai abu, ni na tashi sallamar wani, shi ya cike da hannunshi. Sai jiya na san abin da ya rubuta. Kullum dama shina cewa, 'Ni ɗan aike ne, iri na Inna ne, ita ke zaɓen uwar albasa, ita ta san wanda zai tsiro.' Saƙon tuni dut cikin wayarshi yake shiga, wayar kuwa ta tahi. Nimeronki ne kaɗai ya rage musu."

Inna ta ɗora hannu biyu a ka, sannan ta sauke su da sauri kamar wadda aka kama tana sata.

Zulaiha ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kin tuna Takama, dillalin iri na kasuwar Konni? Wanda ya zo bayan sadakar arba'in wai mu bar shi ya buga sunan Yaya jikin kayanshi?"

"Mai garwaya tsohon iri da sabo."

"Shi. Na kore shi, yac ce mini suna ba gona ba ne, ba a gadon shi. Ban gane nuhinshi ba sai jiya. In sunan ya hita, Inna, irinshi ne za a sayar wa talakawa da sunan ɗanki. Mutum ya sha wahalar rani, ya zuba iri bai tsiro ba, ya ɗaga hannu ya yi Allah ya isa. Wa zai ambata?"

Akuya ta zo ta sa baki a ƙwaryar ruwan, Inna ko korar ta ba ta yi ba, sai Sabi'u ne ya kore ta.

"Don Allah, Inna, mi ya sa?" in ji Zulaiha. Fushin ya tafi, saura kuka. "Ko ni ki hwaɗa wa. Ki ce wata na kira, ki ji mi take so."

Inna ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Ranar hwarko ina cikin mata, gidan suna. Waya ta yi kuka, na ɗauka. Yarinyar tac ce, 'Salamu alaikum, ke ce uwar...'" Ta haɗiye sauran. "Ta hwaɗi sunan. Ƙannen babanku na zaune, dut sun zuba mini ido. Mi zan ce? Nac ce ba nan ba ne."

"To, na biyu?"

"Na biyu ni kaɗai ce, cikin garka."

"Ke kaɗai, Inna! Wa zai ji ki?"

"Ba don wani ba ne."

"Don mi ne?"

Inna ta ɗago. Idanunta sun kaɗa, amma babu hawaye, ta saba riƙe su.

"Zulaiha, tun ranar da na haihe shi ba a taɓa kira na haka ba. Uwar Zulaiha ake cewa. Ko uwar Sani, ɗan'uwanki. Shi kuwa ɗan kaka ne, haka kowa ya sani, haka ni ma na nuna. Sai ga wata, ba ta san ni ba, ba ta san al'adarmu ba, ta buɗe baki ta haɗa ni da shi. Na tsaya cikin albasa ina jin ta. Daɗin abin ya kusa kashe ni."

Zulaiha ta toshe baki da mayafi.

"Na yi tunani, in nac ce ni ce, za ta hwaɗi abin da ya kawo ta, ta gama, shi ke nan ba ta ƙara kira. In nac ce ba nan ba ne, wata rana za ta sake gwadawa. Sai in bari ta hwaɗa, ta maimaita, sannan in ce ban san shi ba. In ta kashe in zauna in yi kukana, in wanke ido in dawo gida."

"Inna..."

"Caji ban bari ya ƙare mini da gangan ba tun daga ranar. Har ta gaji ta bari. Ni na ɗauka abin da na rasa ke nan, kiran. Ban san da wani abu bayanshi ba."

Wallahi duk wanda ya ga Zulaiha a lokacin sai ya tausaya mata. Ta zo da maganganu cike da baki, ta kwana tana jera su, yanzu ko ɗaya ba ta da wurin ajiyewa. Ta matsa ta kifa kai a cinyar uwarta, faifan ya karkace, iri ya zube a tabarma. Inna, wadda ko ƙwaya ɗaya ba ta yarda ta faɗi ƙasa, ba ta ko duba ba.

Sabi'u ne ya katse su.

"Inna, lokaci na tahiya. Madam ɗin tac ce in mai shi ta kira da wanga nimero, ta tabbatar da kanta, za ta gwada. Ba ta yi alkawari ba, amma za ta gwada."

"Mi zan ce mata?"

"Sunanki. Da sunan shahin."

"Sunan shahin..."

"Dole ki hwaɗe shi da bakinki, Inna. Ba ta karɓa daga gare mu."

Zulaiha ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko wayar, ƴar ƙarama mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Sabi'u ya danna lambar, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ɗora wa Inna a tafin hannu.

Ta yi ƙara har Zulaiha ta fara fid da rai, sannan aka ɗauka.

"Alo, ina jin ku."

Inna ta san muryar. Ta runtse ido.

"Salamu alaikum, ɗiyata."

"Amin wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

"Tsahara ce. Tsahara Mati, daga Badagishiri."

Aka ji ƙarar madannai can cikin buro, ofishin kamfanin.

"To, Mama, na ga nimeron. A kan wane suna kike kira?"

Inna ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta dubi ƙofar gida, kamar surukanta da suka daɗe a ƙasa za su yi sallama. Ta dubi Sabi'u, ya sunkuyar da kai don ya rage mata nauyi.

"Mama? Kina ji na?"

"Ina jin ki."

"Wane suna?"

"Irin..." Ta ja numfashi. "Irin Rabilu."

Sunan ya fito mata a karkace, kamar baƙon abinci a baki. Zulaiha ba ta taɓa jin sa da wannan muryar ba.

"Rabilu," Inna ta sake cewa, ba wanda ya tambaye ta. "Rabilu Illo. Ni ce uwarshi. Ni na haihe shi, ranar wata Laraba, ana ruwa. Ɗana ne na hwari. Dut abin da na hwaɗa miki can baya ƙarya nike, ɗiyata, na san shi. Na san shi."

Hawayen da aka hana fita a gaban mutane tun bara suka ɓalle, ba ta tare su ba.

Can ɓangaren madannan suka daina ƙara.

"Alo?" in ji Sabi'u. "Madam?"

"Ina nan." Muryar ta canza. "Mama, Allah ya jiƙan shi. Allah ya ba ki haƙuri."

"Amin. To, a maido mishi da abinshi."

"Mama... da jiya ne da rana."

Zulaiha ta fizgo wayar.

"Mi kike nuhi da jiya?"

"An saki sunan jiya bayan magariba. Ya hita daga hannunmu. Da na zo buro da sahe na duba, na iske har an yi mishi sabuwar rajista ta wani kamfani. Da alama wani ya daɗe da sa a yi mishi gadin ranar."

"Wane ne?"

"An ɓoye sunan mai shi, ba ni iya gani. Ku yi haƙuri don Allah. Na yi ta kira..."

Zulaiha ta kashe wayar, don ba ta so Inna ta ji ƙarshen maganar. Amma Inna ta ji. Ta zauna da baki a buɗe kaɗan, kamar sunan bai gama fita ba.

"Wato na makara," ta ce.



Sabi'u ya ciro tasa wayar, ya rubuta sunan shafin, ya ɗaga ta sama yana neman rezo. Zulaiha tana addu'a a ranta kada ya buɗe. Gara ya ci gaba da zama a rufe har abada.

Ya buɗe.

Hoton Rabilu ne ya fara fitowa, wanda aka ɗauke shi a garka da hular kaba, yana dariya, ya rungumo albasa. An kwafo shi daga tsohon shafin. A ƙarƙashinsa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa iri na gaskiya ya dawo, sai wata lamba wadda ba ta Zulaiha ba.

Inna ta miƙo hannu, aka ba ta. Ta kawo wayar kusa da fuska. A gaban mutane, da rana tsaka, ta tsura wa ɗanta ido yadda ba ta taɓa yi ba yana da rai.

"Mi anka rubuta nan ƙasa?"

Zulaiha ta karanta mata.

"Nimeron wa?"

"Ban sani ba, Inna."

Ƙarya take, zuciyarta ta riga ta gaya mata.

"Sabi'u, kira shi."

"Inna, bari mu yi shawara tukuna, akwai hanyar kai ƙara, in munka..."

"Nac ce kira shi."

Ya karɓa ya danna, ya buɗe murya. Bugu ɗaya aka ɗauka. Hayaniyar kasuwar Konni ta cika tsakar gidan, kabu-kabu na ta hon, wani na rantsuwa a kan canjin naira. Sai murya ta fito, sake, cike da fara'a, muryar da ta zauna a kan tabarmar nan ta yi musu gaisuwar mutuwa.

"Salamu alaikum, Irin Rabilu ne nan, Alhaji Takama ke magana. Leda nawa za a ba ku?"

Zulaiha ta yunƙura za ta yi magana, Inna ta dafe mata gwiwa.

Ta goge fuska da gefen zane, ta gyara ɗaurin kallabi, ta miƙa wa Sabi'u hannu.

"Miƙo mini shi nan."